Mai Cin Gora da Mai Tafiya da Fikafikai

A watan Fabrairun 1937, gidan namun daji na Brookfield da ke bayan garin Shikago a Amurka ya karɓi baƙon da ƙasashen Turawa ba su taɓa gani da rai ba. Ɗan panda ne mai suna Su Lin. Wata mata, Ruth Harkness, ta ɗauko shi daga duwatsun lardin Sichuan na ƙasar Sin a ƙarshen 1936, tana shayar da shi madara da kwalba har ta tsallake teku da shi. Jama'a suka yi ta tururuwa, jaridu suka cika da hotonsa, masu ɗinkin 'yar tsana suka samu kasuwa. Bai yi tsawon kwana ba, ya mutu a 1938, kuma sai da aka buɗe gawarsa aka gane namiji ne, alhali duk zamansa a matsayin mace aka ɗauke shi.

Bayan shekaru 86, a watan Agustan 2023, wani ƙwai ya ƙyanƙyashe a wannan gidan dai, cikin tankin ruwan gishiri. Ɗan kifin shak ne ya fito, kuma uwarsa ba ta haɗu da namiji ba tun da aka kawo ta a 2019. Ita kaɗai ta samar da shi. Labarin ya ɗan zaga kafafen yaɗa labarai, sannan ya bi iska.

Kifin nan ba irin wanda ake gani a fina-finai ba ne, mai haƙora zaƙo-zaƙo yana yanka ruwa. Ɗan siriri ne, da wuya ya kai mita ɗaya, jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige, a bayan kowace kafaɗa kuma akwai babban baƙin tabo da farin zobe ya kewaye. Yana cikin dangin kifayen shak masu zanen darduma, dangin da ya haɗa har da kifi mafi girma a duniya, amma shi yana can wajen ƙananan gidan. Wani Bafaranshe, Pierre Bonnaterre, ya fara rubuta bayaninsa a 1788. Sunansa na kimiyya a yau Hemiscyllium ocellatum. Mazauninsa gaɓar arewacin Ostireliya ne da kudancin tsibirin Niyu Gini, musamman jerin duwatsun murjanin nan da ake kira Great Barrier Reef. Masu ninƙaya a yankin suna ce masa kifin shak mai tafiya.

Me zai haɗa dabbar da ke zaune cikin hazo a kan dutse da kifin da ke rarrafe a kududdufin bakin teku? Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya bar sana'ar gidansu ya kama wadda ba mai so, kuma kowanne tsimi ne ya riƙe shi a cikinta. Sannan duniya ta yi musu gurguwar fahimta su biyun. Ana kallon panda a matsayin rago wanda ba don taimakon ɗan Adam ba da tuni ya ƙare, ana kallon ɗan kifin a matsayin gagara-badau da ba abin da zai taɓa shi. Duka maganganun biyu suna da gyara.

Cikin mai cin nama, abincin mai cin ganye

Panda beyar ne, ɗan'uwan waɗanda ke kama kifi a kogunan Alaska da farauta a kan ƙanƙarar arewa. Hanjinsa gajere ne, ba shi da tumbi irin na saniya, ba ya tuƙa. Amma kusan kashi 99 cikin 100 na abin da yake ci gora ne: tsiro, ganye da kara. Abin da cikinsa ke iya narkarwa daga ciki bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Saboda haka sai ya rama da yawa. Babban panda yakan cinye kilo 12 zuwa 38 a rana, gwargwadon ɓangaren gorar da ya samu, yakan kwashe awa 10 zuwa 16 yana zaune yana tauna, yakan kuma yi kashi har sau 40 kafin rana ta zagayo. Masu ƙidayar panda a daji da wannan kashin suke aiki, domin tsawon guntayen gorar da ke ciki na nuna bakin da ya gatsa, ƙwayoyin halittar da ke jikinsa kuma na nuna mai shi.

Lokacin da aka kammala karanta ƙwayoyin halittar panda aka wallafa a 2010, sai aka ga ƙwayar da ke sa harshe ya ji garɗin nama ta daina aiki a jikinsa, kuma lissafi ya nuna ta lalace kimanin shekaru miliyan 4 da suka wuce. Yana iya cin nama idan ya tsinci mushe, amma ba ya ɗokinsa.

Hannunsa ma an yi masa kwaskwarima. Yatsunsa biyar duk gaba suka kalla, ba wanda zai iya damƙe kara. Sai wani ƙashi na tsintsiyar hannu ya yi tsawo ya fito gefe, ya zama babban yatsa na aro, da shi yake tokare gora yana saɓe ganye. A 2022 masana suka bayyana irin wannan ƙashi a burbushin kakan panda da aka tono a Zhaotong ta lardin Yunnan, mai shekaru miliyan 6 zuwa 7. Abin mamaki, na kakan ya fi na jikan tsawo. Bayanin da suka bayar shi ne, da wannan tafin panda yake taka ƙasa, don haka ƙashin ba zai yi tsawon da zai hana shi tafiya ba.

Babban sirrin kuwa ba a ganin sa da ido. A 2015 wani ayarin masana na Sin da Birtaniya, cikinsu har da Wei Fuwen da John Speakman, suka auna ƙarfin da panda ke ƙonawa a rana, suka samu kashi 38 cikin 100 ne kacal na abin da ake tsammani ga dabba mai nauyinsa. Hantarsa da ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa ƙanana ne idan aka gwada da jikinsa, sinadarin maƙogwaro da ke hura wutar jiki ya yi ƙasa sosai a jininsa, tafiyarsa a daji kuma sannu-sannu ce. Abin da mai kallo ke kira lalaci lissafi ne. Wanda kuɗin shigarsa kaɗan ne ba ya ɓarin kashewa. A duwatsun Qinling an ga yadda yake bin tsiron gora daga gangare zuwa tudu yayin da yanayi ke sauyawa, domin a sabon tsiro ne sinadarin gina jiki ya fi yawa.

Inda ruwa ke ƙarewa

A tsibirin Heron, can kudancin Great Barrier Reef, idan teku ya janye sai faffaɗan dandalin murjani ya rabu da babban ruwa, a bar ƙananan kududdufai marasa zurfi. Da rana tsirran ruwa na samar da iskar oksijin. Da dare kuwa kowa shaƙa yake yi, ba mai bayarwa, kafin asuba iskar da ke cikin ruwan takan ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Kifin da ke da hankali yakan bi ruwa ya fice tun da wuri. Manyan kifayen shak ba su isa su shigo ba. Wannan ne lokacin kasuwar ɗan kifinmu: ƙaguwa, jatan lande da tsutsotsin ruwa duk sun maƙale, kuma ba abokin takara.

Fikafikansa huɗu na ƙasa masu kauri ne, gaɓoɓinsu na juyawa fiye da na sauran dangi. Yakan kafa na gaba na dama da na baya na hagu, ya lanƙwasa jiki, ya kafa sauran biyun, haka har ya ratsa tsakanin rassan murjani. Idan kududdufi ya ƙafe ko abinci ya ƙare, sai ya haura busasshen dutse ya gangara na gaba. Ya iya iyo, amma sai ya tsorata yake yin sa.

Mai karatu da ya san gaiwa zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, tunda ita takan shafe rani a cikin busasshiyar laka. Sai dai gaiwa huhu gare ta, iska take shaƙa. Wannan kifin ba shi da huhu, jurewa kawai yake yi. Masana irin su Gillian Renshaw ta Ostireliya da Göran Nilsson na Norwe sun daɗe suna bincike a kansa, kuma an ga ya yi awa guda cikin ruwan da babu oksijin ko kaɗan, ya farfaɗo lafiya lau. Bugun zuciyarsa kan ragu, ƙarfin gudun jininsa ya sauka da kusan rabi, jijiyoyi su buɗe don jini ya isa inda ya fi muhimmanci, wasu sassan ƙwaƙwalwa kuma su rage aiki. Har yakan kai ya saki jiki, ko an kifar da shi ba zai iya juyowa ba, sai iska ta dawo ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Akwai wasu kunkuru da kifayen tafkunan arewacin duniya da ke jure rashin oksijin, amma su a ruwa mai sanyin ƙanƙara suke yi, inda buƙatar jiki dama ta ragu sosai. Shi a ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 yake yi. Shi ya sa masu binciken shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya ke sa masa ido, domin ƙwaƙwalwar mutum mintuna kaɗan take jurewa.

To ga su nan: ɗaya ya rage wutar jikinsa har abada don ya rayu da abincin da ba ya ƙosarwa, ɗaya kuma yana rage tasa na ɗan lokaci don ya ci abinci a inda ba a numfashi. Baƙaƙen tabon nan nasu ma ba ado ba ne kawai. Binciken da Tim Caro ya jagoranta a 2017 ya nuna farin panda na ɓoye shi a dusar ƙanƙara, baƙin ƙafafu na ɓoye shi a inuwar daji, tabon ido da kunnuwa kuma saƙo ne ga 'yan'uwa da abokan gaba. Tabon kifin ana ganin idon ƙarya ne, don mai son cinsa ya zaci da babba yake yi.

Zancen haihuwa

A nan aka fi yi wa panda dariya. Macen sau ɗaya take neman namiji a shekara, kuma kwana ɗaya zuwa uku kacal ƙofar ke buɗe. Jaririn kan zo da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kashi ɗaya cikin 900 na nauyin uwarsa, makaho, ba gashin kirki. Idan ta haifi tagwaye a daji, ɗaya take raino. Shekaru da dama gidajen namun daji sun yi ta fama ba haihuwa, har magana ta bazu cewa dabbar ce ba ta son ci gaban zuriyarta.

Amma laifin keji ne. A daji mace kan haihu duk bayan shekara biyu, kuma hakan bai yi nisa da na wasu beyar ba. Da aka gyara abinci, aka koyi gane ranar da mace ta shirya, aka kuma fara barin mace ta zaɓi namijin da ya kwanta mata, sai haihuwa ta kankama. Cibiyar renon panda ta Chengdu da aka buɗe a 1987 da panda shida ta ƙware a dabarar musanya tagwaye: ɗaya na wajen uwa, ɗaya na cikin kwalabar reno, a riƙa sauya su har su yi ƙwari. Yau panda da ke hannun mutane sun haura 700. Mayar da su daji ne ya fi wuya. Xiang Xiang, na farko da aka saka a 2006, an tsinci gawarsa a 2007, da alamun ya yi faɗa da mazan daji. Daga nan ne masu reno suka fara sa rigar panda idan za su kusanci 'ya'yan da ake shirin saki, don kada su saba da fuskar mutum.

Kifin shak mai tafiya ba shi da wannan matsala. A lokacin ƙwai mace kan saka biyu-biyu kusan duk mako biyu, kowanne cikin jaka mai tauri, ta bar su a tsakanin murjani ta yi gaba. Bayan wata huɗu ɗan kifi mai tsawon santimita 15 ya fito, ya kama farauta. A tanki ma haihuwa yake yi ba wahala, har ga wadda ta yi ba namiji.

Lagonsa yana cikin ƙwan nan. Babban kifi zai iya matsawa inuwa idan ruwa ya yi zafi, ƙwai kuwa inda aka ajiye shi nan zai zauna. A 2021 Carolyn Wheeler da Jodie Rummer ta Jami'ar James Cook da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon renon ƙwai a ruwa mai ɗumin digiri 27, 29 da 31. Na digiri 27 sun ƙyanƙyashe bayan kwana 125 ko kusa, na digiri 31 kuwa tun wajen kwana 100 suka fito, sun cinye gwaiduwarsu da wuri, ƙanana, a gajiye, kuma dole su nemi abinci nan take. Digiri 31 shi ne ɗumin da ake hasashen ruwan yankin zai kai a lokacin zafi kafin ƙarshen wannan ƙarni. Gidan nasa ma yana shan wuya: murjanin Great Barrier Reef ya yi mummunan koɗewa saboda zafi a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024.

Kowa da tsibirinsa

Panda ya taɓa bazuwa a kudanci da gabashin Sin har zuwa Myanmar da Biyetnam. Yau ya rage a jerin duwatsu shida cikin larduna uku, Sichuan, Shaanxi da Gansu. Ƙidaya ta huɗu da aka sanar a 2015 ta samu 1,864 a daji, daga 1,114 a shekarun 1980. Sai dai sun rarrabu gida 33, hanyoyi da gonaki da garuruwa sun shiga tsakani, kuma 18 daga cikin gidajen nan ba su kai panda goma ba. Haɗarin haka ya bayyana tun da daɗewa. Gora takan yi fure sau ɗaya bayan gomman shekaru, duk dajin lokaci guda, sannan ta bushe. A da panda sai ya gangara kwari ya ci wani irin. A tsakiyar shekarun 1970, da gorar duwatsun Minshan ta yi fure, kwarin ya riga ya zama gonaki, aka tsinci gawar panda 138.

Shi kifin, teku ne da kansa ya yi masa shinge. Ba ya tsallake ruwa mai zurfi, ƙwansa ba ya bin igiyar ruwa, inda aka haife shi nan zai tsufa. Don haka kusan kowane lungu na kewayen Niyu Gini da irin nasa. Jinsi tara aka sani zuwa 2020; na tsibirin Halmahera na Indonesiya sai a 2013 aka ba shi suna. Binciken da Christine Dudgeon ta jagoranta a 2020 ya nuna sun ɓalle daga sauran dangi kimanin shekaru miliyan 9 da suka wuce, wato su ne autan gidan da ya haura shekaru miliyan 400 a duniya. Na Ostireliya yana da yalwa, kuma ƙungiyar IUCN mai jera halittu bisa haɗarin ƙarewa ta sa shi cikin waɗanda ba a damu da su ba tukuna. Amma wasu 'yan'uwansa da duk duniyarsu ba ta wuce gaɓa ɗaya ko biyu ba suna kan mataki ɗaya da panda, wanda aka sauko da shi daga masu fuskantar ƙarewa zuwa masu rauni a 2016.

Fuska da aljihu

Matakin panda da waɗannan 'yan'uwan kifin ɗaya ne a takarda, amma a wajen kuɗi ko kusa. Tun da aka ɗauki hoton Chi Chi, wata panda ta gidan namun dajin Landan, aka yi tambarin asusun kare halittu na WWF a 1961, panda ya zama fuskar kare namun daji. A 1972, bayan ziyarar da Shugaba Nixon na Amurka ya kai can, Sin ta bai wa Amurka kyautar Ling-Ling da Hsing-Hsing. Daga 1984 aka daina kyauta aka koma haya, kuma farashin da aka saba ji shi ne dala miliyan 1 a shekara kan mace da namiji, duk abin da suka haifa kuma na Sin ne. Katar ta karɓi nata a 2022 ana dab da gasar cin kofin duniya. Wani gidan namun daji a Finlan da ya karɓi biyu a 2018 bisa yarjejeniyar shekaru 15 ya mayar da su a 2024, ɗawainiya ta fi ƙarfinsa.

Ban ga dalilin yi wa panda hassada ba. Kuɗin da martabar sun yi aiki: an hana sare itatuwa a dazukan yankin tun 1998, mafarauci na fuskantar ɗaurin shekaru 10 zuwa sama, gandun daji na panda sun kai 67, a 2021 kuma aka haɗe da yawansu cikin gandun ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 22,000. Birai da tsuntsaye da tsirrai masu yawa sun fake a inuwarsa. Amma inuwar ba ta rufe kowa ba. Wani bincike na 2020 ya gano cewa tun daga shekarun 1960 damisa ta ɓace daga kashi 81 cikin 100 na gandun panda, jan karen dajin Asiya kuma daga kashi 95, domin filin da ya ishi mai zama yana tauna gora bai ishi mai farauta ba. Shi kansa panda, IUCN ta yi gargaɗin sauyin yanayi na iya cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na dazukan gorarsa cikin shekaru 80.

Kifayen shak kuwa suna fama da baƙin jini, ga shi fiye da kashi ɗaya cikin uku na jinsunansu da danginsu na cikin haɗari, galibi saboda kamun da ya wuce kima. Masu kare teku sun lura cewa wannan ɗan ƙaramin mai tafiya yana da abin da sauran ba su da shi, wato yana ba mutane dariya maimakon tsoro, sai suka gwada dabarar panda a kansa. A 2007 aka yi gwanjo a Monako inda attajirai suka sayi damar raɗa wa sababbin halittun tekun Papuwa ta Indonesiya suna. An tara sama da dala miliyan 2, kuma sunan wani kifin shak mai tafiya ne ya fi tsada, dala 500,000, rabin hayar panda biyu ta shekara guda ke nan, kuma sau ɗaya tak. Duk da haka kuɗin sun shiga aikin sintiri da ilmantarwa a yankin. Tsibiran Raja Ampat da ke yankin sun ayyana ruwansu mafakar kifayen shak a 2010, a farkon 2023 kuma gwamnatin Indonesiya ta haramta kama dukkan jinsunan kifin shak mai tafiya shida da ke ruwanta, waɗanda a da ake kwasa ana sayar wa masu ajiye kifin ado.

Sai dai dokar hana kamu ba ta tare laka. Halmahera, mai jinsin da babu shi ko'ina sai can, ta zama ɗaya daga manyan cibiyoyin haƙar ma'adinin nikel da ake yin batirin motocin lantarki da shi, kuma kamfanonin Sin ne kan gaba cikin masu zuba jari a masana'antun da ke gaɓar Weda. Idan aka sare daji aka tone tudu, ruwan sama kan wanko jar ƙasa ya zuba a kan murjanin bakin gaɓa, daidai inda kifin ke ajiye ƙwansa. A watan Yunin 2025, bayan ƙorafin jama'a ya yi yawa, gwamnatin Indonesiya ta soke lasisin kamfanoni huɗu masu haƙar nikel a Raja Ampat. Ta bar na biyar, wanda ke aiki a tsibirin Gag.